Zobo mai gas a keg: faman da nake yi da iska tun Janairu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

To bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta abin nan rana-rana saboda ni mutum ne mai mantuwa, gobe sai in kasa tuna fresha (wato ƙarfin matsin gas) nawa na sa ko me na canza. Sana'ata gyaran firij da AC ce, maman yara kuma tana yin zobo na sayarwa a gida musamman da azumi, kuma duk shekara kuka ɗaya ne, a dafa da safe a ɗura a robobi, wanda bai ƙare ba zuwa gobe da yamma ya fara canza baki, jibi kuwa sai kwata. Bara da azumi na ga an zubar da wajen bokiti guda a idona, sukarin da ke ciki kaɗai ya isa ya sa mutum hawaye.

Tun daga nan nake kallon bidiyon Turawan nan masu dafa giya a gidajensu, kuma tun kafin wani ya fara zare min ido, a'a, ba giya zan yi ba, a Kano nake, kuma ko Hisbah ba ta nan ni ba na sha. Abin da ya ja ni dabararsu ce. Mutanen nan yadda ka san maciji haka suke tsoron iska, in abinsu ya gama nuna a tukunyar da suke tsima shi ba sa buɗe murfi su juye, tiyo suke haɗawa su tura shi da gas ɗin CO2 ya koma wata tukunyar ƙarfe da suke kira keg ba tare da ya ga sarari ko sau ɗaya ba, domin oksijin na dusar musu da launi ya kashe ƙamshi. Na ce to ai zobo ma launi ne da ƙamshi, me zai hana.

Yau na samo keg ɗin a Kofar Ruwa wajen 'yan gwangwan. Yaron ya ɗauka tukunyar gas ce, ni kuma ban gyara masa ba sai da muka gama ciniki.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwana uku ina wanke ta. Da na buɗe murfin wani tsohon warin lemo ne ya bugo ni, ashe asalin waɗannan tukwanen ba na giya ba ne sam, kamfanonin lemo irin su Pepsi da Coca-Cola ne suke zuba ruwan lemo mai kauri a ciki suna kai wa wuraren cin abinci a Amurka, da suka koma amfani da leda cikin kwali sai masu giyar gida suka kwashe tsofaffin. Sunanta Cornelius, lita 19 take ci, ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa. Wannan ya min daɗi domin zobo tsami gare shi sosai, yana cin tukunyar dalma, ga ƙarfe mai tsatsa yana baƙanta shi.

Tana da baki biyu a sama. Ɗaya na shigar gas, bututunsa ɗan guntu ne iya yatsa, ɗayan na fitar ruwa, shi kuma bututunsa ya sauka har gindi. A tsakiyar murfi akwai ɗan zobe da in ka ja yake sakin iska. Zoben roba guda biyar ne a jikinta, babba na murfi, biyu na bakunan, biyu na bututun, duk sun bushe sun tsage sai na canza.

Kawu ya shigo ya same ni a tsakar gida da soso, ya tsaya ya kalle ta ya kalle ni ya ce "kai kuma wannan wace irin tukunya ce kamar ta 'yan Sabon Gari." Na ce Kawu zobo zan zuba. Ya ce "Allah ya sa zobon ne zai fito." Na yi dariya a lokacin.

Asabar, 25 ga Janairu

Kayan da na yi oda daga Legas sun iso jiya, soket biyu masu ruwan toka na gas, biyu baƙaƙe na ruwa, zoben roba sababbi, tiyo, regileta mai geji biyu, sai wani ɗan gilashi mai kama da ma'aunin zazzaɓi da suke auna sukari da shi, shi ban ma nema ba a cikin kunshin ya zo. Soket ɗin nan sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, na danna baƙin a bakin gas da ƙarfi ya shige ya ƙi fita, sai da na sa sukudireba na ɓamɓaro shi ina ta zufa duk da sanyin nan.

Gas ne ya fi ba ni wuya. Masu cika tukunyar kashe gobara suna da CO2, masu walda ma haka, amma abin da za a sha ne, ba na so in ɗura wa 'ya'yan mutane gas ɗin da ya kwana a silinda mai mai a ciki. Sai da na yi ta bin 'yan Sharada da tambaya kafin na samu mai irin wanda ake sa wa lemo, na kuma kai sabuwar silindata aka cika min kilo 5. Wani abu da na sani tun daga aikin AC, gejin babban fresha ba ya gaya maka sauran nawa, gas ɗin ruwa ne a ciki, allurar za ta tsaya wajen 800 zuwa 900 psi (ma'aunin fresha ke nan) har sai ruwan ya ƙare sannan ta faɗo lokaci ɗaya. Don haka sikeli ne gaskiya, na auna ta a cike na rubuta da maka a jikinta. Kuma a tsaye take zama, a inuwa, na ɗaure ta da igiya a ƙafar benci saboda yara, ranar Kano ta Afrilu in ta dafa silinda ba wasa ba ne.

Na sa 30 psi a keg babu komai, na bi duk mahaɗai da ruwan omo kamar yadda muke neman yoyo a AC. Murfi ya yi kumfa kaɗan, na juya shi na sake zaunar da shi ya yi shiru.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gwajin farko, kuma kunya ce daga farko har ƙarshe.

Maman yara ta dafa lita 20 yadda ta saba, zoborodon Jigawa mai duhu da na sayo a Dawanau, irin wanda ake lodawa ana kai wa Meziko, citta, kanumfari, masoro, ɓawon abarba. Ta tace, ya huce, ta sa sukari da markaɗaɗɗiyar abarba da kokwamba. Na zuba a jarka mai lita 25, na huda murfin wuri biyu na sa tiyo, ɗaya na gas ɗaya na fita. Tunanina in hura gas kaɗan zobon ya taka da kansa ya shiga keg. Regileta ta ba ta jin ƙaramin fresha, ina murɗawa allura na kwance sai kawai ta yi tsalle, jarka ta kumbura ta koma kamar cikin akuya mai 'yan uku, murfi ya yi tsartuwa, ni da bango da farar shaddar da aka shanya duk muka sha. Kada a tambaye ni abin da aka ce min a kan shaddar nan.

Jarka ba a yi ta don fresha ba, ko 2 psi ma da kyar. Wannan laifina ne.

Amma babban kuskuren ma ba shi ba ne, shi ne yadda na "wanke" keg ɗin da gas. Na ji ana cewa CO2 ya fi iska nauyi, wai in ka hura shi zai kwanta a gindi kamar bargo ya ture iskar sama. Na hura na daƙiƙa goma na ce shi kenan. Da daddare ina kwance abin ya dawo min, in haka ne ai da tuni duk CO2 ɗin duniya ya kwanta a ƙasa mun shaƙe, gas da gas cakuɗuwa suke yi, balle wanda ya shigo da gudu ta ɗan bututu. Sai na tashi na ɗauki biro. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. In ka rufe keg ka danna 30 psi ka saki, ka ninka abin da ke ciki sau uku ke nan ka zubar da biyu, saura kashi 7. Ka sake, 2.3. Ka sake, 0.8. Sau biyar kana wajen 0.09, yana ta raguwa amma ba ya kai sifili, kuma kowane zagaye kana watsar da lita 38 na gas, lita ɗaya kusan giram 2, ka ga sau biyar ka yi asarar kusan sulusin kilo a kan tukunyar da babu komai a ciki. Da kuɗin gas ɗin nan ba zan iya ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Hanyar da masu abin suka fi yarda da ita ashe mai sauƙi ce har ta ba ni haushi. Ka cika keg da ruwa taf har ya tumbatsa ta murfi, ka rufe, ka tura ruwan waje da gas. Inda ruwa ya tashi gas ne ya zauna, iska ba ta da wurin tsayawa tun farko. Su suna amfani da ruwan sanitiza, ni na ce tafasasshen ruwa zan sa, jifa ɗaya tsuntsu biyu, yana kashe ƙwayoyin cuta kuma tafasa tana korar oksijin ɗin da ya narke a ruwan, don ruwan famfo ma yana ɗauke da shi wajen miligiram 8 a kowace lita.

Jiya da yamma na yi. Na cika, na jingina ta kaɗan na ja zoben har ruwa ya fito ta nan, na bar ta minti goma, na tura ruwan a 5 psi ya koma baho aka yi wanke-wanke da shi. Na cire gas na tafi masallaci ina jin kaina kamar injiniya.

Da asuba na ja zoben in ji tsss, shiru. Na taɓa murfi sai na ji yana motsi. Wlh sai da na zauna a ƙasa. Tukunyar da zafi na bar ta, cike da tururi, dare ya yi sanyin hunturu ya sauko tururin ya koma ruwa, gas ɗin ya tsuke, fresha ta faɗi ƙasa da ta waje, shi kuma murfin nan daga ciki yake toshewa, fresha ce take danna shi sama, da ta tafi sai ya saki ya zuƙo iskar tsakar gida. Ni da nake yi wa yaran shago faɗa kullum a kan bakyum, wato fresha ta faɗi ƙasa da ta waje abu ya riƙa zuƙo iska. Yanzu doka: bayan tura ruwa a ƙara gas zuwa 20 psi, a bar shi a haɗe har ta huce.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na haƙura da jarka, na sayi keg ta biyu, wannan karon da tsada domin yaron ya gane ina so. Yanzu akwai uwa akwai 'ya. Uwa ita ce ake zuba zobo ya kwana biyu a sanyi guggubin citta da garin zobon su kwanta, 'ya ita ce wadda aka wanke da gas take jira. Na yanke bututun uwa kamar inci ɗaya don kada ya riƙa zuƙo laka daga gindi.

Ga yadda na yi yau kuma ya tafi. Tiyo guda mai baƙin soket kai da kai, daga bakin ruwan uwa zuwa bakin ruwan 'ya, don zobon ya shiga ta dogon bututu ya taso daga ƙasa a hankali babu fantsama. Kafin in haɗa shi da 'ya sai da na danna ɗan tsinken cikin soket ɗin zobo ya cika tiyon ya ɗiga a kofi, domin tiyon ma iska ce a cikinsa, mita ɗaya ba yawa amma bayan duk wahalar nan ba zan bar ta ba. Na sauke 'ya zuwa 5 psi, na sa uwa a 8, na ɗora 'ya a sikeli na mayar da shi sifili. Yana fara tafiya sai ya tsaya in fresha ta yi daidai, sai in ɗan ja zoben 'ya tsss ya ci gaba. Ba ka ganin komai a ciki, lambar sikeli kawai kake kallo, sai kuma raɓa da take hawa jikin ƙarfen daga ƙasa tana nuna maka inda sanyin zobon ya kai, ƙaramar 'yata ta tsuguna tana bin layin da yatsa tana cewa Abba ya zo nan, ya zo nan.

A kilo 11 ya tsaya cak. Na ja zobe, na ƙara fresha, ko gezau. Zaren citta ne ya toshe ɗan bawul ɗin bakin uwa. Da da ne da na buɗe murfi na zura hannu, amma buɗewa ɗaya ta rushe komai, sai na juya abin, na sa wa 'ya fresha ta fi uwa na daƙiƙa biyu, zobon ya koma baya ya tunkuɗe zaren, na mayar yadda yake ya ci gaba. Na tsaya a kilo 17.7, wajen lita 17 ke nan don mai sukari ya ɗan fi ruwa nauyi. Minti 25 duka. Gaba da ƙyallen tatar koko za a tace, rariya ba ta isa ba.

Na auna da ɗan gilashin nan don wasa, ya nuna 1.044, na rubuta a bango.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tsohuwar firiza ta kwance da wani ya bar min a shago shekara biyu bai dawo ba, na canza mata tamostat na sa na firij don kada ta daskarar, tana tsayawa a digiri 3 zuwa 4. Gas ba ya shiga ruwa mai ɗumi sosai, sai da sanyi. 30 psi kwana biyu ya yi gas kamar lemon kwalba.

Tsiyayar farko kumfa ce zalla ruwan hoda, tiyon mita 2 ne ya yi gajere. Na sa siriri mai mita 7 na naɗe shi a ciki, ya sauko lafiya. Hajiya ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce "ɗan nan wannan ai yana cizo," sannan ta miƙo kofi a ƙara. Gas yana ƙara masa kaifi, maman yara ta ce a sa 'yar kanwa ta kashe tsamin, na ce a'a, kanwa tana mayar da shi baƙi-baƙi kuma tsamin nan shi ne rabin tsaronsa, gara a ƙara sukari.

Abin lura, kada ka zura kai cikin firizar nan. Gas yana taruwa a ciki in akwai ɗan yoyo, na leƙa ɗauko tiyo ya soke ni a hanci har idona ya kawo ruwa. Na mayar da ita baranda inda iska ke wucewa.

Na ajiye roba biyu a firij ranar 8 ga wata da aka ɗura da mazurari yadda aka saba don in gwada. Gsky a launi bambancin bai kai yadda na zata ba, na robar ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa in ka ɗaga shi a rana, shi ke nan. A ƙamshi ne abin yake, na keg citta da abarba suna nan kamar yau aka yi, na roba ya zama ruwan tsami mai zaƙi kawai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau ban so rubutawa ba amma in ban rubuta wannan ba sauran duk ƙarya ne.

Taransifomar unguwa ta lalace ranar Lahadi, kwana huɗu babu wuta. Ranar farko na sayo ƙanƙara na jera, ta biyu na ce ai a rufe yake babu iska me zai same shi, na bar shi, ga zafi ya fara shigowa. Saura wajen lita 9 a ciki. Jiya da daddare na haɗa geji na ga fresha ta haura sosai alhali silinda a kulle take tun Lahadi. Na ce wa kaina ɗumi ne, ruwa in ya yi ɗumi yana sakin gas ɗin da ya sha, kuma hakan gaskiya ne, shi ya sa na samu abin da zan yaudari kaina da shi na kwanta. Da safe na tsiyaya na shinshina, akwai wani ɗan wari a ƙarƙashin cittar kamar ƙullin da ya kwana. Na kaɗa shi a jug har gas ɗin ya fita, na sanyaya, na sa gilashin. 1.036. A bango an rubuta 1.044.

Sukari ba ya tafiya ko'ina da kansa a tukunyar da take rufe, wani abu ne ya ci shi. Lissafin masu giyar shi ne ka cire wannan daga wancan ka ninka da 131, ya ba ni wajen kashi 1 cikin 100. Wato na yi wata guda ina kashe kuɗi ina koyon dabarar masu giya, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa su dabarar ba ta hana abinsu zama giya ba. Fumfuna ce take buƙatar iska, ita kam na kore ta. Yis ba ruwansa, in babu oksijin ma a nan ne yake juya sukari ya koma barasa da gas, na gina masa ɗaki na share na kulle ƙofa na kuma ba shi sukari kilo biyu. Kuma ta inda ya shigo a fili yake, ɗanyar abarba da kokwamba da sukarin da ake zubawa bayan an sauke daga wuta, a jikin 'ya'yan itace yake zaune. Sanyi ne kaɗai ya riƙe shi kwanakin nan, da sanyi ya tafi ya tashi.

Na kira Kawu domin shi ya yi karatun, na gaya masa komai ban rage ba. Bai ce "na faɗa maka" ba, na so ma ya ce in huta. Ya ce ai abin ba sabo ba ne, akwai hadisin Ibn Abbas a Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Ya ce "tsimi ba ya wuce lokacinsa don ka sa masa murfin ƙarfe." Na ce Kawu kashi ɗaya ne fa, ba zai bugar da ko kaza ba. Ya ce "ni ba zan yanke maka a kan lamba ba, amma kai da ka ji warin har ka kira ni, za ka iya miƙa wa mai azumi?" Na je na buɗe a kwata. Lita 9, ja wur har bakin titi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An gyara wuta. Na sake tsarin daga tushe, kuma sai da aka yi 'yar muhawara a kicin domin maman yara ta ce abarbar da aka dafa ba ta da rai. Ta yi gaskiya kaɗan. Amma yanzu komai a wuta yake shiga, sukari, abarba, citta, kokwamba kuwa an sallame ta gaba ɗaya. Zoborodon ba ma barinsa ya daɗe yana tafasa don zafi ma yana cin launi, minti goma a sauke. A tace da ƙyallen da aka tafasa, a mayar wuta ya ɗauko, a juye a uwa da zafinsa sama da digiri 85, a rufe nan take. Ɗan sararin da ya rage a sama ƙarami ne, shi kam danna-saki sau shida ya ishe shi ba ya cin gas. In kifa ta minti biyar zafin ya taɓa murfi da bakunan, in bar gas a haɗe a 20 psi saboda darasin 2 ga wata, in tsoma ta a baho ana canza ruwa har ta huce sannan firiza. Tiyon juyawa da soket su ma tafasasshen ruwa.

Na kuma rubuta a jikin firizar da babban baƙi: in wuta ta wuce awa 12 a kunna janareta ko a sa ƙanƙara, in ta wuce kwana a auna kafin a ba kowa.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

An ɗauki azumi. Zagaye na uku ya shiga 'ya ranar Talata, minti 18 babu toshewa, 1.048. Yau kafin a sha ruwa na auna, 1.048. Ban da ɗan abin da na ware, duk ya tafi kafin a tada isha'i, yaran layi sun yi layi da kofuna sun ce "zobon famfo". Ban samu ko kofi biyu ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun yi zagaye biyar, tun da na sake tsarin babu wanda lambarsa ta motsa. Na ware lita 4 daga na 25 ga Fabrairu na ƙi bari a taɓa don in ga iyakarsa, yau kwana 19, 1.048, ƙamshin abarba ya ɗan ja baya amma citta na nan, launi kamar jinin kare. An ɗauke wuta na awa 15 a tsakani, ƙanƙara ta riƙe. Silinda ta ragu da kilo 2 da ɗan wani abu tun Janairu, rabi a kan wautata ya tafi.

Matsalar yanzu guda biyu. Ta farko keg ɗaya ba ta kai wa ko'ina da azumi, ga firizar biyu kawai take ci, uwa da 'ya, don haka ranar da uwa take kwantar da guggubi in 'ya ta ƙare sai a koma bokiti. Ta biyu ita ce mai ci min rai, masu saye a roba suke so su tafi da shi gida, kuma da na tsiyaya a roba duk abin da na yi ya tashi a banza, iska ta shiga, rabin gas ya gudu a kumfa, robar kanta ban san inda ta kwana ba. Jiya na gwada sa ɗan bututun ƙarfe a bakin tiyo ya kai gindin robar, na sanyaya robobin tukuna, na cika har kumfa ta leƙo na rufe a kan kumfar. Goma na yi, uku sun yi tauri yadda nake so, bakwai sun yi laushi kafin sahur, ina zargin murafen ne don tsofaffi ne. Akwai wani murfi na ƙarfe mai bakin soket da ake ɗaura wa robar lemo a cika ta ƙarƙashin fresha, na yi odar guda biyu, sun ce sai bayan sallah. Kafin nan gobe zan shiga Sabon Gari in nemo sababbin robobi da murafensu in sake goma, biyar a firij biyar a kan tebur, in auna su ranar Laraba.